Muryoyi Ashirin, Shekara Ɗari: Sharhi a Kan Mawaƙan Gidan Rediyon BBC

Yau za mu leƙa birnin Landan. Amma ba labarin siyasa ya kai mu ba, ba kuma ƙwallon ƙafa ba. Waƙa ce ta kai mu. Kusan kowa a cikinmu ya san BBC ta hanyar Sashen Hausa, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, gidan yana da mawaƙansa na kansa. Ma'aikata ne, ana biyansu albashi kamar yadda ake biyan mai karanta labarai. Sunan ƙungiyar BBC Singers, wato Mawaƙan BBC. Ta cika shekara 100 a 2024, bayan ta tsallake rijiya da baya. Maganar da nake so mu tafi da ita yau guda ɗaya ce. Gidan rediyon da ya riƙe mawaƙa, iri yake ajiyewa. Wanda kuwa ya cinye iri, ba shi da damina mai zuwa. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta komawa gare ta.

Bari mu fara da sanin wace irin waƙa ake magana a kai. A ƙasar Hausa mun saba da makaɗi da 'yan amshinsa. Shi ne ke ja, su kuma su karɓa. Kalangu ko kotso na riƙe da tafiyar. Wannan ƙungiya tsarinta daban ne. Babu mai ja, babu mai karɓa. Mawaƙa wajen 20 ne, maza da mata, an raba su kashi huɗu bisa ga muryoyinsu. Akwai mata masu siririyar murya mai hawa sama. Akwai masu matsakaiciyar murya. Akwai maza masu murya mai tashi, sai kuma masu kakkaurar murya mai sauka ƙasa kamar ƙugin tambari. Kowane kashi da nasa karin. Duk suna rerawa lokaci guda, kowa na bin tasa hanya, amma sautin ya haɗu ya zama abu ɗaya. Kamar saƙa ce, zare kala-kala, zane ɗaya. Sau da yawa babu ko kayan kiɗa, murya ce zalla. A gabansu akwai madugu, yana nuni da hannu, yana cewa a ɗaga, a sassauta, a dakata. Wanda ya taɓa jin mawaƙan majami'a a Jos ko Kaduna ya san irin wannan haɗin murya. Bambancin shi ne, waɗannan sana'arsu ke nan, safe da yamma.

To, yaya aka yi gidan rediyo ya ɗauki mawaƙa aiki? Amsar tana cikin yadda rediyo ya taso. BBC ta fara watsa shirye-shirye a watan Nuwamban 1922. A lokacin kusan komai kai tsaye ake yin sa. Abin da ya fita daga baki ya tafi ke nan, babu gyara. Ɗakunan watsa shirye-shirye na shekarun farko, a wani gini da ake kira Savoy Hill, ƙanana ne, an lulluɓe bangonsu da labule don kashe amsa-kuwwa. Makirufo ɗin wancan zamani ba ya son hayaniya. Ingila kuwa ta yi suna da manyan ƙungiyoyin mawaƙa na sa-kai, mutum ɗari biyu ko fiye. Ma'aikatan masaƙa ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa, masu haɗuwa da yamma bayan an tashi daga aiki. Irin waɗannan sukan kwashe watanni suna koyon waƙa guda. Rediyo ba ya jiran watanni. Yau yana son sabon abu, gobe ma yana son wani. Saboda haka a 1924 aka naɗa wani saurayi ɗan shekara 20, Stanford Robinson, ya haɗa ƙwararrun mawaƙa kaɗan waɗanda za a iya dogara da su kullum. Aka sa musu suna Wireless Chorus. A watan Satumban shekarar aka ji su suna rera Elijah, babbar waƙar Mendelssohn a kan labarin Annabi Iliyasu. Bukata ce ta haife su. Ba don ado aka kafa su ba.

Daga nan aiki ya yi ta ƙaruwa. A 1927 BBC ta karɓi ragamar bikin kiɗa na bazara da ake kira Proms, wanda aka fara tun 1895. A 1928 aka buɗe wani gajeren shirin ibadar Kirista na kowace safiya, kuma mawaƙan gidan suka kwashe shekaru masu yawa suna rera waƙoƙinsa. A 1934 Leslie Woodgate ya zama madugunsu. Ya riƙe su har rasuwarsa a 1961. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka kwashe sashen kiɗa daga Landan zuwa Bristol. Da bama-bamai suka bi su can, aka mayar da su garin Bedford a 1941. Duk wannan ƙaura ba ta sa sun yi shiru ba. Mutanen da suka kwana a ramukan ɓuya sukan wayi gari su murɗa rediyo su ji muryoyin da suka saba da su. Sunan ƙungiyar ya sha canzawa, yawan mawaƙan ma ya sha hawa da sauka. Sai a 1972, zamanin madugu John Poole, aka tsayar da sunan da ake kiranta da shi yau.

Yanzu ku biyo ni mu shiga ɗakin aikinsu, domin a nan ne sirrin yake. Shekaru da dama mazauninsu yana unguwar Maida Vale, a wani dogon gini da aka gina tun farko don wasan zamiya da takalma masu taya. Da safe mawaƙa suna zuwa, kowa ya tsaya gaban ma'ajin takardarsa da fensir a hannu. Ana raba musu waƙa a rubuce. Layuka biyar-biyar ne a jere, da ɗige-ɗige a kansu, kowane ɗigo na nuna hawa ko saukar murya da tsawon jan ta. Wataƙila a makon nan mai tsara waƙar ya gama ta. Babu wanda ya taɓa jin ta a duniya, balle a ce a saurari faifai a kwaikwaya. Madugu ya ɗaga hannu. Su kuma su buɗe baki su karanta sautin daga takarda, kamar yadda mai karanta labarai ke karanta rahoton da aka miƙo masa yanzu. Inda aka yi tuntuɓe, a dakata, a sa alama da fensir, a sake. Idan jimlar waƙa ta yi tsawo, ba sa numfasawa tare. Wannan ya saci numfashi, na kusa da shi ya rufa masa asiri, daga baya shi ma ya saci nasa. Mai sauraro ba zai ji inda zaren ya tsinke ba. Kwana biyu ko uku, sai jar fitila ta kama, an shiga iska. Wannan ƙwarewa ba a sayen ta a kasuwa. Zama tare ne ke kawo ta, shekara da shekaru.

To, mun ji tarihi, mun leƙa ɗakin aiki. Yanzu mu buɗe rumbun, mu ga abin da ke ciki. Zan kawo muku misalai uku. Na farko, wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Benjamin Britten ya tsara wata doguwar waƙa mai wuyar rerawa, A Boy Was Born. A lokacin ba kowa ya san shi ba. Babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa ya kama zaure don waƙar yaron da bai yi suna ba. Mawaƙan rediyo ne suka ɗauke ta. Suka rera ta a iska ranar 23 ga Fabrairun 1934, ƙarƙashin Woodgate. A wannan rana ce kuma Edward Elgar, dattijon masu tsara kiɗa na Ingila, ya rasu. Wata fitila ta mutu, wata ta kama. Britten ya zo ya zama babban mai tsara kiɗan ƙasarsa a ƙarni na 20. Peter Pears, mawaƙin da Britten ya tsara wa yawancin manyan waƙoƙinsa, shi ma ya yi aiki a cikin mawaƙan BBC kafin ya shahara. Ku lura da kyau. Ranar da aka buɗe wa Britten ƙofa, babu wanda ya san abin da zai zama. Haka iri yake. Ba a ganin zangarniya a cikin ƙwayar gero.

Misali na biyu, Britten ɗin ne dai. A 1942 yana dawowa daga Amurka ta jirgin ruwa, a tsakiyar yaƙi. Jami'an kwastan na New York suka ƙwace takardun waƙar da ya fara rubutawa, don tsoron kada rubutun asiri ne. A cikin jirgi ya sake rubuta ta daga ka, ya kuma kammala ta. Ita ce Hymn to St Cecilia, kalmominta na marubuci W. H. Auden. Mawaƙan BBC suka fara rera ta a watan Nuwamban shekarar. Misali na uku ya fi taɓa zuciya. A 1943 Faransa na ƙarƙashin mamayar sojojin Jamus. Mai tsara kiɗa Francis Poulenc ya ɗauki rubutattun waƙoƙin marubuci Paul Éluard ya tsara musu kari a ɓoye. Ya sa wa aikin suna Figure humaine. Kashi na ƙarshe waƙa ce a kan 'yanci, wadda jiragen saman Birtaniya suka riƙa watsa kwafinta a kan Faransa. Poulenc ya raba mawaƙa gida biyu, muryoyi 12 daban-daban, babu kayan kiɗa ko ɗaya da za su jingina da shi. A ƙarshenta murya tana hawa can ƙololuwa, inda kaɗan ne ke iya kaiwa. Su wa suka fara rera ta? Mawaƙan BBC ne, a Landan, a watan Maris na 1945, tun yaƙi bai ƙare ba. Waƙar da aka rubuta a ɓoye ta fito fili ta bakin rediyo.

Bayan yaƙi rumbun ya ci gaba da cika. Masu tsara kiɗa na sabon salo suka zo da waƙoƙin da ke rikita kunne a jin farko. Pierre Boulez, Bafaranshen da ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗan BBC a shekarun 1970, ya yi aiki da su, sun kuma naɗi waƙoƙinsa. Duk da haka ba su watsar da na da ba. Suna rera waƙoƙin William Byrd da Thomas Tallis, waɗanda aka tsara fiye da shekara 400 da suka wuce. Suna rera na Bach da na Brahms, cikin Latin da Jamusanci da Faransanci da wasu harsunan. A 1997, ranar jana'izar Gimbiya Diana a majami'ar Westminster, su ne suka rera wani sashe na waƙar makoki ta Verdi, duniya na kallo. A 2017 Judith Weir ta tsara musu In the Land of Uz, a kan haƙurin Annabi Ayuba. A 2018 Sofi Jeannin, 'yar ƙasar Suwidin, ta zama shugabar madugansu, mace ta farko a wannan matsayi. A daren rufe bikin Proms na 2019 suka rera waƙar Laura Mvula, baƙar fata 'yar Birmingham wadda ta yi suna a waƙoƙin zamani. Daga waƙar zamanin sarakunan Tudor na Ingila zuwa wadda aka gama rubutawa jiya, duk baki ɗaya ne ke ɗauka.

Me wannan ke nuna mana? Mai tsara waƙa yana rubutu ne gwargwadon bakin da zai rera masa. Idan ya san mawaƙan da ke akwai ba za su iya abu mai wuya ba, sai ya sassauta. Idan ya san akwai waɗanda ba a ba su tsoro, sai ya saki jiki. Ke nan ƙungiyar ba ajiye waƙoƙi kawai take yi ba, tana sa a haife su. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ibrahim Narambaɗa ya yi abin da ya yi ne domin yana da ubangida, Sarkin Gobir na Isa. Fada ta ɗauke masa ci da sha da sutura, shi da 'yan amshinsa. Shi ya sa suka sami sukunin zama su tace waƙa har ta yi kyau. Daga baya gidajen rediyo, musamman na Kaduna, suka naɗi muryoyin manyan makaɗanmu suka kai su ko'ina. A Turai fada da majami'a ne suka daɗe suna riƙe da mawaƙa. Da ƙarfinsu ya ragu, rediyo ya gaji wani ɓangare na wannan nauyi. Ya zama ubangida, amma da kuɗin jama'a, don amfanin jama'a. Na faɗa a baya, zan maimaita. Gidan rediyon da ya riƙe mawaƙa, iri yake ajiyewa.

Yanzu mu zo ga rijiyar da na ce sun tsallake. BBC ba ta dogara da talla a cikin Birtaniya. Da kuɗin lasisi take rayuwa. A farkon zamanin rediyo sule goma ne a shekara. Yau masu kallon talabijin ne ke biya. A 2022 gwamnati ta tsayar da kuɗin a fam 159 na tsawon shekara biyu, alhali farashin komai na hawa. Aljihu ya matse, aka shiga yanke-yanke. A watan Janairun 2023 rediyon Sashen Larabci ya yi sallama da masu sauraro bayan shekara 85. Ranar 7 ga Maris kuma sai sanarwa ta fito cewa za a rufe Mawaƙan BBC, guraben aiki 20 za su tafi. Saura shekara guda su cika ɗari. Nan take ƙasa ta ɗauka. Fiye da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke. Ɗaruruwan masu tsara kiɗa daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa shugaban gidan. Ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa na makarantu da na ƙauyuka suka riƙa naɗar saƙon goyon baya suna sakawa a intanet. Ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa ta zauna da hukumar gidan. Ranar 24 ga watan, aka dakatar da rufewar.

To, jama'a, adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka so a rufe ba mahaukata ba ne. Suna da hujjoji, kuma zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Hujja ta farko ita ce kuɗi. Suna cewa kowa ke biyan lasisi, direban bas da mai shara da attajiri. Masu sauraron irin wannan waƙa kuwa 'yan kaɗan ne. Don me za a karɓi kuɗin talaka a biya wa tsiraru bukata? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Amma mu tambayi kanmu, don me aka kafa gidan rediyon jama'a tun farko? Idan abin da ya fi kasuwa kawai zai yi, ai gidajen 'yan kasuwa sun ishe mu. An ware masa kuɗi ne domin ya yi abin da kasuwa ba za ta yi ba. Ba kowa ke sauraron shirin manoma ba. Ba kowa ke sauraron shirin nakasassu ba. Ba wanda ya ce don haka a soke su. Sannan kasafin BBC na biliyoyin fam ne. Albashin mutum 20 a cikinsa kamar cokali ne a randa. Kwashe cokalin ba zai cika wani tulu ba, amma zai bushe wata shuka.

Hujja ta biyu ta fi kaifi. Suna cewa Landan cike take da ƙwararrun mawaƙa masu zaman kansu. Akwai ƙungiyoyi irin su The Sixteen da Tallis Scholars da Monteverdi Choir, waɗanda duniya ta san su, kuma ba sa cin albashin BBC. In ana bukatar mawaƙa, a ɗauko 'yan haya, a biya su na rana, a sallame su. Gaskiya ne waɗannan ƙungiyoyi gwanaye ne. Amma da tikiti da faifai da gudummawar masu hannu da shuni suke rayuwa. Dole su yawaita rera abin da zai cika zaure. Ba za su iya kashe mako guda a kan sabuwar waƙar wanda ba a sani ba, a kai a kai, shekara bayan shekara. Kuma daga ina 'yan hayar suke fitowa? Harry Christophers, wanda ya kafa The Sixteen, ya yi aiki a cikin Mawaƙan BBC. Sarah Connolly, wadda ta yi fice a manyan dandamalin opera na duniya, daga nan ta biyo. Judith Bingham ta yi shekaru tana rerawa a cikinsu, ta kuma zama sananniyar mai tsara waƙa. Wanda ya ce a cike rijiya domin akwai 'yan ga-ruwa, ya manta inda suke ɗebowa. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Baƙi 20 da aka tara yau da safe mawaƙa ne, amma ba su zama ƙungiya ba tukuna.

Hujja ta uku ta zamani ce. Suna cewa an riga an naɗi komai. Waƙoƙin Byrd da Bach da Britten duk suna cikin wayar hannu, danna kawai za ka yi. Me ya rage wa mawaƙan rediyo? Amsa ita ce, faifai na ajiye abin da aka riga aka rera ne kawai. Waƙar da ba a rera ba tukuna, babu na'urar da ke da ita. Da a ce a 1934 an wadatu da faifan da ke hannu, da waƙar Britten ta daɗe a cikin akwati. Waƙa a takarda kamar iri ne a cikin ƙwarya. Tana nan, amma ba ta tsiro ba. Sai ta sami baki, kamar yadda iri ke neman ƙasa da ruwa. Ko tsohuwar waƙa ma tana bukatar a sake rera ta. Kowane zamani da yadda yake jin ta, kowane madugu da abin da yake tonowa a cikinta. Al'ummar da ta koma sauraron faifai kaɗai ta zama mai gadin kayan gado. Tana da abin nunawa, ba ta da abin ƙarawa.

Hujja ta huɗu ita ce wadda na fi ba wa gaskiya. Suna cewa wannan waƙa ta wani rukuni ce na jama'a. Tushenta majami'a ne da makarantun masu hali. Birtaniya ta yau kuwa ta haɗa mutane daga ko'ina, Musulmi da Kirista da Hindu da waɗanda ba su da addini. 'Ya'yansu da yawa ba sa ganin kansu a cikin wannan ƙungiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. An daɗe ƙofar tana da ƙunci, kuma yaran talakawa ba sa samun koyon karatun waƙa a makaranta yadda ya kamata. Amma maganin ƙofa mai ƙunci shi ne a faɗaɗa ta. Rushe ɗakin ba ya shigar da kowa. Attajiri ko an rufe ƙungiyar zai sayi tikiti ya tafi babban zaure. Wanda zai yi asara shi ne yaron da ke wani ƙauye mai nisa, wanda rediyo ne kawai zaurensa. Kuma ƙungiyar da ke da albashi ce ke da sukunin shiga makarantu, ta zauna da yara, ta gwada waƙar wanda ba a saba jin irinsa ba. Nauyi ne a kanta ta yi hakan, kuma daidai ne masu biyan lasisi su riƙa tambayarta ina aka kwana.

Ina aka kwana kuwa? A watan Agustan 2023, wata biyar bayan sanarwar rufewa, mawaƙan suka tsaya a zauren Royal Albert Hall a bikin Proms. Simon Rattle ne madugu. Waƙar da suka rera ita ce Figure humaine, wadda magabatansu suka fara fitarwa a 1945. A watan Fabrairun 2024 BBC ta sanar da cewa ƙungiyar za ta ci gaba, mawaƙan na nan a matsayin ma'aikatanta, tare da haɗin gwiwar wata gidauniyar waƙa mai suna VOCES8. A watan Oktoba suka yi bikin cika shekara 100. Su ne kaɗai ƙaramar ƙungiyar mawaƙa ta ƙwararru masu aikin cikakken lokaci a duk Birtaniya. Wasu ƙasashen Turai sun fi riƙe nasu da hannu biyu. Jamus na da irin waɗannan ƙungiyoyi a gidajen rediyon Berlin da Leipzig da Munich da wasu biranen. Ta gidan rediyon Suwidin, wadda Eric Ericson ya jagoranta na tsawon shekara 30, ta sa masu tsara waƙa na ƙasar suka riƙa rubuta abubuwan da a da ba a zaci baki zai iya ba. Ko'ina labarin ɗaya ne. Inda aka riƙe mawaƙa, waƙa ta yi yaɗo.

Kafin mu rufe, ga abin da ya shafe mu. Ba ina cewa gidajen rediyonmu su kwaikwayi waƙar Turawa ba. Kowa da kiɗan gidansu. Abin dubawa shi ne yadda abin da aka gina cikin shekara 99 ya kusa rushewa da takarda guda. Abin dubawa na biyu shi ne wanda ya hana. Masu sauraro ne. Ba su yi shiru suna jiran a yi musu ta'aziyya ba. Mu ma muna da rumbu. Akwai tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset a ɗakunan ajiyar gidajen rediyonmu, a Najeriya da Nijar, masu ɗauke da muryoyin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da ɗimbin waɗanda ba su yi sunansu ba. Zafi da ƙura da gara ba sa jiran kasafin kuɗi. Akwai kuma masu kotso da taushi da gurmi da kukuma da ke raye, waɗanda ke bukatar fili da abin sakawa a bakin salati, domin su koya wa na baya.

Jama'a masu sauraro, maganar da muka fara da ita da ita za mu rufe. Gidan rediyon da ya riƙe mawaƙa, iri yake ajiyewa. Wanda ya cinye iri, ba shi da damina mai zuwa. Gidan rediyo naku ne, domin don ku aka buɗe shi. Ku rubuto, ku bugo waya, ku nemi a saka muku waƙoƙin da kuke ƙauna, na da da na yanzu. Ku tambayi halin da ɗakin ajiya yake ciki. Idan kun ji an ba wa sabon makaɗi fili, ku ba shi kunne ko da ba ku san sunansa ba. A nan za mu dasa aya.